Yadda Ake Tsara Mariƙin Zarton Hannu da Haɗa Shi da Ruwansa

Idan zarto ya riƙa kauce wa layi, ko yana cijewa a tsakiyar yanka, haƙoransa ake fara ɗora wa laifi. A wasa su, a gyara buɗinsu, wato ɗan karkacewar da suke yi dama da hagu, a dawo kan katako, matsala tana nan daram. Sau da yawa ciwon yana can baya ne, inda hannu ke kamawa. Mariƙi shi ke raba ƙarfin damtsenka gida biyu: kaso ɗaya ya tura ruwan zarto gaba, ɗayan ya danna haƙora cikin katako. In rabon nan ya ɓaci, ko ruwan ya zauna a karkace cikin tsagarsa, babu wasin da zai yi magani.

Shi ya sa a wannan jagora zan daɗe a kan abu biyu, kusurwar mariƙi da tsagar da ruwa ke shiga. Ado da lanƙwashe-lanƙwashen da ke ɗaukar ido su ne mafi sauƙi, kuma su ake yi daga ƙarshe.

Buɗaɗɗe ko rufaffe

Fara da sanin zarton da kake yi wa mariƙi. Ƙananan zartuna masu ƙashin baya, wato ƙarfe mai kauri da ke bin saman ruwan don kada ya tanƙware, irin na yankan haɗin akwati da aljihun tebur, waɗanda tsawonsu bai wuce inci 8 zuwa 10 ba, buɗaɗɗen mariƙi ake yi musu, mai kama da gindin ƙaramar bindiga. Ƙarfin da ke bi ta cikinsa kaɗan ne, wuya ɗaya da ke haɗa wurin riƙo da gaban mariƙi ya ishe shi. Da zarar zarto ya kai inci 12 zuwa 14, har zuwa babban zarton tsaga katako mai inci 26, rufaffe ya fi: zobe ne cikakke, katako ya haɗe ta sama da ta ƙasa, kowane ɓangare yana tallafar ɗan'uwansa.

Akwai wata hanya daban, ta mutanen Japan. Zartonsu a jawowa yake ci, ba a turawa ba, don haka mariƙinsa doguwar sanda ce miƙaƙƙiya, wutsiyar ruwan tana shiga ciki kamar yadda ake sa wa wuƙa ƙota, a naɗe bakin da tsiyayen kara mai ƙarfi don kada ya tsage. Mai son yin irinsa a gida zai raba sandar biyu a tsaye, ya ƙwaƙule gurbin wutsiya, ya manne da gam, ya naɗe. Wannan ke nan game da shi. Sauran bayanin duk a kan zarton turawa ne.

Kusurwa, uwar aikin

Ɗauki zarto mai daɗin aiki ka kwantar da shi. Dubi sandar da tafin hannu ke rungumewa. Daga tsakiyarta ja layi wanda ya gicciye ta daidai, ya nufi gaba. Wannan layin shi ne hanyar da ƙarfin hannunka ke bi. Yanzu duba inda ya je ya taɓa layin haƙora.

A dogon zarto, wajen tsakiyar haƙora ya kamata ya sauka, ko ɗan gaba kaɗan. Idan ya sauka kusa da gindi, mariƙin ya cika tashi: yawancin ƙarfinka ƙasa yake tafiya, zarto zai riƙa ci da haɗama, ya yi tsalle a farkon yanka, ya cije, wani lokaci har ruwan ya tanƙware a hannunka. Idan kuwa layin ya wuce hancin zarto bai taɓa haƙora ba, mariƙin ya cika kwanciya: zarto zai riƙa sulɓewa bisa katako, sai ka murɗa wuyan hannu ka danna, kafin rabin sa'a ka gaji.

Babu lamba ɗaya da ta dace da kowane zarto, domin abubuwa uku ne ke jan ta. Na farko nauyi. Zarto mai ƙashin baya na tagulla mai kauri yana danna kansa da kansa, ba ya bukatar taimako sosai daga mariƙi. Ƙarami marar nauyi kuwa yana son mariƙi mai ɗan tashi don haƙora su kama. Na biyu yanayin haƙora: masu tsayuwa tsaye, masu ci da zafi, in ka haɗa su da mariƙi mai tashi, ka haɗa wuta da fetur. Na uku, wanda aka fi mantawa, tsayin wurin aiki. Wanda ke danne katako da gwiwa a kan gajeren benci yana yanka daga sama, da wanda ya ɗaure aikinsa a bayis, matsen da ke jikin teburin aiki, daidai ƙirji, damtsensu ba ta hanya ɗaya yake zuwa ba.

Saboda haka kada ka yarda da takarda kaɗai. Yanka siffar mariƙin a guntun filawud biyu, ka sa ruwan zarto a tsakaninsu, ka matse da ƙaramin kilam, wato matsen hannu. Yi yanka biyar. Sassauta, ɗaga gindin kaɗan, sake yin biyar. Sauke shi, sake gwadawa. Inda ka ji zarto yana tafiya ba tare da ka danna ba, wuyan hannunka kuma a miƙe yake da damtse, nan ne wurin. Zagaye gefen ruwan da fensir a jikin filawud ɗin kafin ka kwance. Minti ashirin ɗin nan sun fi duk sauran awon da za ka yi amfani.

Awon hannu da zane

Da yatsu uku ake riƙe zarto, manuniya tana miƙe a gefen kunci, wato faffaɗan gaban mariƙi da ke rungume ruwan, tana nuna hanya. Wannan ne dalilin da ramin tsofaffin zartuna ke da ƙanƙanta har sabon shiga ya ɗauka masu ƙananan hannu aka yi wa. Ramin da ya ɗauki yatsu huɗu a sake yana barin hannu ya yi ta yawo.

Auna faɗin tafinka a daidai gaɓoɓin gindin yatsu, ban da babban yatsa. Tazarar da ke tsakanin ƙahon sama da na ƙasa, tsinaye biyun da suka fito ta bayan mariƙi, kusan wannan awon ce. Ƙahonin nan biyu aiki suke yi: na sama yana zama a kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, na ƙasa yana tokare gefen tafi, su biyun su ke hana zarto rinjaya gaba ko da ka sassauta riƙo. Su rungumi hannu ba tare da sun matse shi ba. Gara ka bar tazarar ta ɗan yi kaɗan, daga baya magagari ya buɗe ta.

Kaurin katako milimita 22 zuwa 25 ya wadatar, mai babban hannu ya ɗauki na sama. Faɗin sandar riƙo daga gaba zuwa baya wajen milimita 30 zuwa 35, da ɗan tudu a bayanta wanda zai cika kwarin tafi. In kana da tsohon mariƙi da hannunka ya saba da shi, ɗora shi a takarda ka zagaye, ka gyara inda yake damunka. Babu abin kunya a nan, masu ƙera zartuna ma haka suka yi ta gadon siffofi daga juna.

A jikin zanen nan, fitar da iyakar inda ruwan zai tsaya a ciki, da wurin kowace ƙusa. Ƙaramin zarto ƙusa biyu sun ishe shi, dogo uku zuwa biyar. In uku ne, kada su jeru a layi ɗaya, a baje su kamar duwatsun murhu. Kowane huji ya bar aƙalla milimita 10 tsakaninsa da gefen ƙarfe. In tsohon ruwa ne mai hujinsa, shi ke da iko: ɗora shi a kan zanen bisa kusurwar da ka gwada, ka kwafi hujojin yadda suke.

Katako

Ana son katako mai tauri, mai matsattsen jiki, busasshe sarai, wanda ba ya tsagewa da sauƙi. Maƙeran Ingila sun fi amfani da itacen bich. Kamfanin Disston, wanda Henry Disston ya kafa a Filadelfiya ta Amurka a 1840, ya yi suna da mariƙan itacen tuffa a zartunansa masu daraja, kuma duk wanda ya taɓa riƙe tsoho daga cikinsu ya san santsin da yake yi bayan shekaru a hannu. Itacen walnat da madaci mai nauyi su ma suna yi. Katako mai laushi kan noti zai nutse a cikinsa, ruwan ya yi ta girgiɗi. Ɗanye kuwa zai ƙanƙance ya murɗe tsagar.

Jijiyar katako ta bi tsawon zarto, daga ƙaho zuwa kunci. Haka ƙahoni ke samun ƙarfi, domin su ne sirara, su ke fara karyewa in zarto ya faɗi. Farashin wannan zaɓi shi ne sandar riƙo tana gicciye jijiya, don haka kada ka rame wuyan da ya haɗa ta da kunci, musamman a buɗaɗɗen mariƙi. In ka samu katakon da aka tsaga ta yadda zobban shekarunsa suka tsaya tsaye a bakin yanka, ɗauke shi, ya fi zama lafiya idan yanayi ya sauya.

Goge fuskokin biyu su kwanta sumul, kaurin ya zama ɗaya ko'ina. Duk awon da zai biyo baya daga fuskokin nan yake tashi. Manna zanen a kai.

Huji kafin komai

Ƙa'idar ita ce: duk aikin da ke bukatar daidaito a gama shi tun katako yana da faffaɗar fuska da za a iya matsewa.

Ƙusoshin zarto iri biyu ne. Tsoffin zartuna na kafin wajen shekarun 1870 suna da noti mai tsaga wanda ke kwanciya daidai da fuskar katako, sai da sukundireba mai baki biyu ake ɗaure shi. Na baya suna da kai mai ɗan tudu, namiji yana shiga cikin mace, sun fi ƙarfi da sauƙin samu. Ko wanne ka zaɓa, ya kasance a hannunka kafin ka huda, ka auna kansa da jikinsa.

Fara da siririn baki, kamar milimita 1.5, ka huda kowane wuri ya ɓulla ɗaya gefen, a tsaye cak. Wannan ɗan hujin shi ne jagoran ɓangarorin biyu. Sai ka ɗauki baki mai yanka gurbi shimfiɗaɗɗe, irin na Forstner, daidai faɗin kan ƙusar, ka yi gurbi a kowace fuska gwargwadon kaurin kan. Bayan nan ne za ka faɗaɗa hujin tsakiya zuwa kaurin jikin ƙusa. In ka juya tsarin, ka fara da babban huji, tsinin bakin Forstner ba zai samu abin kamawa ba, gurbin zai fito a goce. In ƙusar tana da kafaɗa mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin kanta, gyara mata wuri da ƙaramin cizal, ita ce ke hana ta juyawa yayin ɗauri.

Da manyan bakuna kuma ka huda lanƙwasoshin zanen, na cikin ramin yatsu da na ƙarƙashin ƙahoni, sannan ka haɗe su da siririn zarton yankan lanƙwasa. Bar gefuna da kaifinsu tukuna.

Tsagar

A nan ake cin nasara ko a yi asarar katako. Tsagar dole ta bi tsakiyar kauri, ta yi daidai da fuskokin biyu tun daga baki har ƙarshe, faɗinta kuma ya zama kaurin ruwan. Ruwan ƙaramin zarto wajen rabin milimita ne, na babba kusan milimita ɗaya. In tsagar ta yi faɗi, noti zai jawo kumatun ciki har su tsage. In ta karkace ko da kaɗan ne, ɗauri zai lanƙwasa ruwan, ka ga zarton da yake miƙe a tebur ya zama baka da zarar ya shiga mariƙi. Na taɓa ɓata yini guda ina bugun wani ruwa da guduma don in miƙe shi, ashe lafiyarsa ƙalau, tsagata ce ta gudu.

Ja layin tsakiya da ma'aunin zana layi, daga fuskar dama sannan daga ta hagu, ka tabbata sun haɗu. Daga nan dabara mafi aminci ita ce a kwantar da zarto, a motsa katako. Samo zarto mai kaurin ruwanka, wanda haƙoransa ba su da buɗi sosai. Ruwan da kake yi wa mariƙin ma yana yi, in ba a riga an buɗe haƙoransa ba. Goge wani guntun katako har kaurinsa ya ɗaga haƙoran daidai kan layin tsakiya. Kwantar da zarton a kansa, haƙora sun ɗan leƙo, ka matse su duka a kan tebur mai shimfiɗa. Sai ka kwantar da mariƙin a teburin, ka riƙa goga bakinsa a jikin haƙoran, gaba da baya, kana zagaya kunci. Gwada da tarkacen katako mai kauri ɗaya tukuna.

Idan tsagar ta kai zurfin milimita 8 zuwa 10 ko'ina, ta riga ta kafa hanya. Ɗaure mariƙin a bayis, ka ƙarasa da hannu a hankali, kana juya shi kana shiga ta kowane gefe, har ka kai iyakar da ka zana. Kada ka danna, bar tsagar ta ja zarton. Ruwan ya shiga da ɗan turi na hannu, ya tsaya ba tare da ya zame ba. In ya matse da yawa, naɗa samfefa a siririn ƙarfe ka shafa ciki kaɗan.

Gargaɗi ga mai gyaran tsohon zarto: samfurin D-8 na Disston, mai lanƙwasasshen baya wanda aka yi wa rajista a 1874, gindin ruwansa zagayayye ne, kuma da injin zarto mai kewaya aka yanka tsagarsa, saman mariƙin ya rufe ta. Zarton hannu ba ya iya fitar da wannan siffa. Mafita mai sauƙi ita ce ka bar tsagarka ta ɓulla ta sama. Kamanni zai ɗan bambanta, aiki ba zai ragu ba.

Zarto mai ƙashin baya yana da ƙarin mataki: gurbin da ƙashin zai zauna a saman kunci. Sa ruwan a tsaga, zana faɗin ƙashin a ɓangarorin biyu, tsagar tana tsakiya daidai. Yanka gefunan, ƙwaƙule da siririn cizal. In gurbin ya fi cin gefe ɗaya, ƙashin zai tura ruwan ya murɗe, ko da tsagar ta yi kyau. Duk lokacin da ka gwada, ɗaga zarton ka hango layin haƙora daga gindi zuwa hanci.

Huda ƙarfen

Ruwan zarto ƙarfe ne da aka ƙona ya yi tauri irin na sifirin. Bakin dirila na yau da kullum zai yi ƙara, ya yi zafi, ya dakushe bai shiga ba. Sai baki mai kan kabayid, irin na huda tayil ko bulo wanda aka ɗan wasa, ko kuma abin huda ƙarfe na matsawa in ruwan siriri ne.

Zaunar da ruwan a mazauninsa, ka zura tsinin ƙarfe ta hujin katako ka yi alama. Fitar da shi ka huda a waje. In ka huda yana ciki, zafi zai ƙona katako, kuma tsinin da ke tashi a bakin huji zai kulle ruwan cikin tsaga. Matse shi da kilam a kan katako mai tauri, kada ka kuskura ka riƙe da hannu: in baki ya kama, ruwan zai juya da haƙoransa kamar fanka. Sa gilashin kare ido. Gudu kaɗan, ɗigon mai, danni madaidaici. Goge tsinin da magagari.

Huda ɗaya kawai da farko. Mayar da ruwan, zura ƙusa ɗaya, duba kusurwa, sannan ka yi alamar na biyu. In wani huji ya ɗan goce, faɗaɗa na ƙarfen da siririn magagari zagayayye. Kada ka buga ƙusa da guduma don ta shiga dole, zaren tagulla ba ya jure haka.

Sassaƙa da shafe

Yanzu ne lokacin jin daɗi. Ja layuka a fuskokin sandar riƙo, wajen milimita 8 zuwa 10 daga gefe, da layin tsakiya a gaba da baya. Da magagari mai manyan haƙora, kwashe kusurwoyin har layukan, sannan ka zagaye, sandar ta zama kamar ƙwai in an yanka ta a gicciye. Riƙa ajiye magagari kana kamawa. Matse da ƙarfi na ɗan lokaci, ka buɗe hannu: inda fata ta yi ja ko ta lotsa, nan ne tudun da zai zame maka bororo. Ƙarƙashin ƙahon sama ya fi ko'ina bukatar haƙuri.

Kumatu kuwa a bar fuskarsu a shimfiɗe, a ɗan sare gefunansu kawai. Ni ina son layin da ya raba shimfiɗaɗɗen wuri da zagayayye ya fito da kaifinsa, shi ke bambanta mariƙin da aka sassaƙa da wanda samfefa ta cinye. Bi da ƙaramin magagari, sai samfefa daga lamba 120 zuwa 220 ko 320.

Man linsid dafaffe shafi biyu ko uku, ana goge rarar kowane shafi a bar shi ya bushe, sai kakin zuma a sama. Banish mai kauri yana ƙyalli amma yana sa hannu gumi da zamewa. Tsumman da ya sha man linsid yana iya kama wuta da kansa in an dunƙule shi, don haka shanya shi a buɗe ko ka jiƙa shi da ruwa. Kada mai ya taru cikin tsaga, zura takarda ka tsane shi.

Ɗauri da gwaji

Shafa ɗan kaki a gindin ruwan don tsatsa, zura shi, sa ƙusoshin duka a sake, sannan ka ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan. Matsin kumatu ne ke riƙe ruwa, ƙusa ja kawai take yi, don haka ɗaurin hannu ɗaya ya isa. Gam ba shi da wuri a nan, wata rana za ka so cirewa.

Hango layin haƙora. In ya lanƙwashe, sassauta noti ɗaya bayan ɗaya har ka ga wanda sakinsa ya miƙar da ruwan, a wurinsa matsalar take, ko huji ya matse ko akwai ɓurɓushi a tsaga. In ya miƙe, ja layi a katako ka yanka da sassauƙan riƙo. Bayan mako biyu ko uku, sake bin notocin da sukundireba, domin sabon katako yakan ɗan lotsa a ƙarƙashinsu, haka kuma duk lokacin da iska ta bushe sosai.